Tunawa da Malam Gani Odutokun: Me Ya Bari a Zariya?

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, hunturu ya fara sassautawa, sai hankalina ya koma Sashen Zane da Sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello, domin a cikin wannan wata ne, a shekarar 1995, muka rasa malaminmu Gani Odutokun a haɗarin mota, yana kan hanyar dawowa daga Legas bayan wani baje kolin zane-zane da aka yi a cibiyar Goethe ta Jamusawa. Ba shi kaɗai ya rasu a wannan tafiya ba, akwai wasu masu zane da ajali ya haɗa su da shi, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Azumi ake yi a lokacin, kuma har yau ina tuna yadda na zauna a ƙofar ɗakin zane da ƙullin ƙosai a hannu, aka kira magariba, amma ban iya kai komai bakina ba sai ruwa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, an haife shi a 1946, ya kammala digirinsa na farko a Zariya a 1975, ya fara koyarwa a sashen a 1976, ya yi digiri na biyu a 1979, kuma bai bar wurin ba har ranar da Allah ya karɓi abinsa yana da shekara 48. Ke nan kusan shekara ashirin ya yi yana koyar da zane a Samaru, kuma cikin abin da ya zana har da hawan daba.

Abin da ya sa na buɗe wannan magana shi ne, kwanan baya na kai wa ɗan ƙanena ziyara, wanda yake karatun injiniya a jami'ar, muka bi ta gaban lambun da ɗalibai suke kafa sassaƙe-sassaƙensu, na ambaci sunan Malam, sai yaron ya tambaye ni ko tsohon shugaban jami'a ne. Ban ga laifinsa ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa nake tambayar waɗanda suka zauna a gabansa da waɗanda suka san aikinsa daga nesa: me wannan bawan Allah ya bari, kuma ta wace hanya ya kamata a riƙa tunawa da shi?

Ɗan Zangon Kumasi:
Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya gafarta masa. Bari in ƙara abin da ya shafe mu mu na nan Gana, domin a garin Nsawam aka haife shi, garin da duk matafiyi daga Ankara zuwa Kumasi ya sani. Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa ta jihar Kwara ta yanzu, cikin dubban da fatauci ya kawo su wannan ƙasa tun zamanin Turawa, kamar yadda goro ya kawo kakanninmu. Saboda haka ni ba na mamakin yadda ya zauna a Zariya ya mai da ita gida. Wanda ya tashi a matsayin ɗan baƙi a wata ƙasa yakan koyi lura da mutane tun yana ƙarami, domin sai ya lura yake sanin inda zai sa ƙafa. Sunan nasa ma, wanda a bakin Yarabawa gajarta Ganiyu ne, a bakin Bahaushe ya faɗo daidai kan sana'arsa, tunda mun ce gani ya kori ji.

Malamar Zane a Kaduna:
Baba, Allah ya saka da alheri da ka tayar da wannan zance. Ni ban riske shi ba, na shiga sashen shekaru da dama bayan rasuwarsa, amma waɗanda suka koyar da ni sun yi aiki tare da shi ko sun zauna a gabansa, don haka ina ɗaukar kaina jikarsa a sana'a. Zan faɗi wata magana wadda mai yiwuwa ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Abin da aka fi danganta shi da shi a bakin ɗalibai shi ne salon nan na tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, a kwarara shi a kan kyallen zane, a bar shi ya bi hanyarsa. A zamaninmu wannan salo ya zama kamar tambarin ɗan Zariya, ta yadda idan ka shiga baje kolin 'yan ajin ƙarshe za ka tarar da zane biyar ko shida a jere duk fenti na zuba daga sama zuwa ƙasa, kamar bangon da ruwan damina ya wanke. Da yawa daga cikinmu, har da ni, mun fake da salon ne saboda ba mu iya zana hannun mutum ko ƙafar doki yadda ya kamata ba. Idan wannan ne gadon da ya bari, to ina ganin mun riƙe kwanon mun zubar da tuwon.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
'Yata, kin taɓa inda yake mini ƙaiƙayi, kuma ban musa miki ba. Sai dai ina so ki bambanta tsakanin abin da ya yi da abin da aka yi da sunansa. Duk wanda ya ga zane-zanensa na gawayi da fensir ya san cewa hannunsa ya nuna tun kafin ya fara wasa da fenti mai ruwa. Mutum ne da zai iya fitar da fuska da layi kaɗan, sa'annan ya zaɓi ya saki linzami, kuma sakin linzamin gwanin mahayi daban yake da na wanda doki ya ƙwace masa.

Bari in ba ki labarin abin da ya same ni a aji uku. Lokacin tsarin tsuke bakin aljihu da aka shigo da shi a 1986 ya riga ya ci ƙarfin naira, fentin da ake kawowa daga waje ya yi tsadar da sai mu haɗa kuɗi mu uku mu sayi kwalin fari guda ɗaya, ni kuwa da kananzir nake tsinka nawa saboda man da aka tanada don haka ya fi ƙarfina. Na shafe mako biyu ina zana wani ɗan lifidi a hawan salla, na bi kowane ɗinki na rigar dokin da ƙaramin buroshi, ina jin kaina gwani. Wani dare gwiwar hannuna ta ture gwangwanin madara da na dama jan fenti a ciki, ya malale a kan kyallen da na shimfiɗa a ƙasa, ya rufe ƙafafun dokin na gaba gaba ɗaya. Na ɗauki tsumma zan goge, sai na tuna da zane-zanen Malam da muke gani, na ajiye tsumman na tafi na kwanta da baƙin ciki. Da safe na tarar jan ya bazu ya yi baki-baki, ƙurar hunturu da ta shigo ta taga ta manne a kansa, dokin kuma da a jiya yake tsaye ƙiƙam kamar na katako ya koma kamar yana kutsowa daga cikin ƙurar jahi. Amma ba a nan aikin ya ƙare ba, a nan ma ya fara. Kwana huɗu na yi ina duban wannan ɓarna, ina yanke shawarar wane gefe zan bari, wane zan danne da duhu, ina zan mai do da kofato guda ɗaya don ido ya sami wurin tsayawa.

Wannan dogon kallo da yanke shawara bayan abu ya auku ba da nufinka ba, shi ne abin da na ɗauka daga wurinsa. Zubar da fenti kowa zai iya, yaro ma yana yi kullum.

Ɗan Birnin Zazzau:
Ranka ya daɗe, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina roƙon a yi mini uzuri domin ni ba mai zane ba ne, ɗan kasuwa ne haifaffen cikin ganuwa. Gaskiyar magana, yau ne na fara jin sunan wannan malami, alhali tsakanin gidanmu da Samaru tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce. Kuna cewa ya zana hawan daba, to dawakin wa ya zana in ba na iyayenmu ba? Amma ko sau ɗaya ban taɓa jin an kawo irin waɗannan zane-zane ƙofar fada ko wata makaranta a cikin birni an ce jama'a su zo su gani ba. Legas ake kai su, Landan ake kai su. Ni a ganina laifin mantuwar ba na ɗan ƙanenka ba ne, ba kuma namu ba ne, na jami'ar da masu zanenta ne da suka zauna a bayan katanga suna magana da junansu da Turanci. Mu a birni mun san Babban Gwani Malam Mika'ila, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, domin aikinsa yana tsaye a inda muke salla, kuma zuriyarsa tana nan a unguwar da ake kira da sunansa. Wanda aikinsa ke rataye a falon wani attajiri a unguwar Ikoyi ta Legas, ta yaya za mu san shi?

Malamar Zane a Kaduna:
Alhaji, maganarka tana da nauyi, kuma ba ta tsaya a kan Malam Gani kaɗai ba. Tun a 1955 aka dawo da koyar da zane daga Ibadan zuwa Zariya, kafin ma a kafa jami'ar a 1962. A nan ne su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a 1958, suka ce ba za su haɗiye koyarwar Turawa ɗungurungum ba sai sun gauraya ta da fasahar gida. Duk littafin tarihin zanen zamani na Afirka sai ya ambaci Zariya saboda su, amma mutumin Zariya bai san an yi ba. Sai dai, Alhaji, ka yarda cewa ƙofar ta kowane ɓangare a rufe take. A makarantar da nake koyarwa, wani uba ya taɓa zuwa har ofis da littafin zanen 'yarsa a hannu, ya buɗe shafin da ta zana kakarta tana tankaɗe, ya ce in daina koya wa yarinyar abin da zai kai ta wuta. Hukumar makarantar ba ta tsaya mini ba, aka ce in koma koya musu zanen tukwane da ganyaye. Yarinyar nan ita ce mafi hannu a duk waɗanda na taɓa koyarwa, kuma daga ranar ba ta sake kawo mini komai ba.

Dattijon Tudun Wada:
Malama, Allah ya ba ki haƙuri. Ba na so mu karkata daga zancen mamaci zuwa fatawa, amma tunda an taɓo wurin, ya kamata a faɗi cewa malaman mazhabar Malikiyya da muke bi sun bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa da zanen da yake shafe a kan takarda ko kyalle, kuma ba su ɗora musu hukunci ɗaya ba. Wanda ya zaɓi ya nisanci duka biyun don tsantseni ba a zarginsa, amma bai kamata a rufe wa yarinya baki da wuta a kan abin da malamai suka yi saɓani a kai ba. Ban da haka, mu ba baƙin zayyana ba ne. Duk wanda ya girma a Tudun Wada ya ga bangayen zaure da magina suka yi wa ado da dagi da takobi, har da keke da agogo da jirgin sama a gidajen da aka gina daga baya. Idon da ya saba da wannan ba zai kasa karanta zanen Malam Gani ba idan an kawo masa shi kusa. Ni na taɓa ganin hoton ɗaya daga cikin ayyukansa, wanda ya zaunar da matar nan ta shahararren zanen Italiya, Mona Lisa, tare da wani sassaƙen Afirka kamar masu hira, kuma ban nemi kowa ya yi mini tafinta ba kafin in gane cewa tambaya yake yi a kan wane ne yake koyi da wani.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan zane na 1991 ne. Akwai kuma wani da nake so Alhaji na birni ya sani, domin ya ga cewa mutumin bai ɓuya a bayan katanga ba kamar yadda ake zato. A zamanin da soja ke mulki, lokacin da aka haramta ƙungiyar malaman jami'a har sau biyu, a 1988 da 1992, ya yi jerin zane-zane a kan wani sarki, ciki har da wanda ya sa wa suna da ma'anar sarki yana barkwanci da janar-janar ɗinsa. Babu wanda ya rayu a Najeriya a waɗannan shekaru da zai kalli wannan suna ya tambayi wa ake nufi. Zambo ne irin na mawaƙan fada, wanda ba a kama suna amma kowa ya san mai shi, sai dai shi da buroshi ya yi nasa. Haka kuma yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya a Zariya tare da abokan aikinsa irin su Jerry Buhari da Jacob Jari, wadda ta riƙa fitar da mujalla mai suna The Eye, don a sami wurin rubutu a kan zane a lokacin da kusan babu irinsa a ƙasar. Amma na karɓi rabin zarginka, Alhaji: da Turanci aka yi mujallar, kuma ni kaina da nake wannan kuka ban taɓa zama na rubuta shafi ɗaya a kansa da Hausa ba sai yau.

Mai Nazarin Harshe:
Malamai, ku ba ni dama in shigo ta ƙofar da na fi sani. A shekarar 2000 an yi baje kolin tunawa da shi a zauren Brunei na makarantar nazarin Afirka da Gabas ta Jami'ar Landan, aka sa masa suna Accident and Design, wato kalmomi biyun da suka taƙaita yadda yake kallon zane da rayuwa. Kalmar farko a Turanci tana ɗauke da ma'ana biyu, abin da ya auku ba da shiri ba, da kuma haɗarin hanya, kuma duk wanda ya san yadda ya rasu zai ji nauyin wannan. Idan za mu yi maganarsa da Hausa, dole mu fara da samo wa wannan tunani suna. Ni ina ba da shawarar tsautsayi da tsari, domin tsautsayi ne kaɗai ya ɗauki ma'anonin biyu, ga shi kuma kalmomin sun yi kama a baki.

Dattijon Tudun Wada:
Malam, tsautsayi bai yi ba. Bahaushe ba ya kiran abin alheri tsautsayi, ba a cewa tsautsayi ya sa na tsinci kuɗi. Jan fentin da ya zube wa ɗan'uwanmu a kan doki da dare tsautsayi ne, amma da gari ya waye ya zama dace. Ni da za a bi tawa, da an ce ƙaddara da dabara. Abin da ya zubo ba kai ka zubo shi ba, abin da ka yi da shi kuwa naka ne, kuma a kansa za a tambaye ka.

Mai Nazarin Harshe:
Baba, na ji daɗin dabara, ta fi tsari da na kawo, domin tsari yana zuwa kafin aiki, dabara kuwa takan zo ne bayan an shiga matsala, kuma abin da ake bayani ke nan. Ƙaddara ce nake jin ta yi wa gwangwanin madara girma. Ina tsoron kada mai karatu ya ɗauka wa'azi ake yi, ya manta cewa maganar fenti da kyalle ce.

Malamar Zane a Kaduna:
Ni dai zan gwada duka biyun a kan ɗalibaina in ga wanda ya zauna a bakinsu. Amma ina so in dawo da mu kan tambayar da Baba na Samaru ya buɗe zancen da ita, domin har yanzu ba mu amsa ta ba. Ladi Kwali, wadda jami'ar nan ta ba digirin girmamawa a 1977, kowa ya san fuskarta saboda tana bayan takardar naira ashirin, amma mutum nawa ne suka taɓa ganin tukunyarta? Ba na so a yi wa Malam irin wannan tunawa, a liƙa sunansa a jikin wani zaure a yi taro a ci abinci a watse. A watannin da suka biyo bayan rasuwarsa, a 1995 ɗin, an nuna aikinsa a zauren Whitechapel na Landan cikin wani babban baje kolin zanen zamani na Afirka, mutanen can suka tsaya a gabansa suka kalla. Abin da nake nema wa ɗalibaina ke nan kawai, su tsaya a gaban aikin su kalla, ko da hotonsa ne aka buga da kyau a babbar takarda.

Ɗan Birnin Zazzau:
To Malama, idan hoto ne a takarda, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Ina da zaure a cikin birni wanda yake cika da baƙi ranar hawan Daushe, kuma bangonsa fari ne babu komai a jiki. Idan za a samo hotunan, musamman na dawakin, ni zan ɗauki nauyin bugawa, da sharaɗin a rubuta bayanin kowanne da Hausar da mahaifiyata za ta gane idan an karanta mata. Kuma a nemi izinin iyalansa tukuna, kada mu yi abin alheri ta hanyar da ba ta dace ba.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, kuma sharaɗinka na biyu shi ne na farko a wurina. Zan nemi tsofaffin abokan karatuna da suka rage a sashen, su ne za su san hanyar da za a bi a kai ga iyalin da kuma masu riƙe da ayyukan. Bayanin Hausa kuwa na ɗora wa Malam mai nazarin harshe da Baba na Tudun Wada, su ƙarasa gardamarsu a kansa kafin salla. 'Yata Malama, ina da roƙo guda a wurinki: idan har yanzu kina da hanyar da za ki sami yarinyar nan mai zanen kakarta, ki gaya mata ranar, ki kuma ce ta zo da mahaifinta. Ɗan lifidina ma yana nan a bayan sif, kananzir ya sa jan ya dushe ya koma kamar ruwan goro, amma ba zan kawo shi ba sai idan Alhaji yana da wani lungu a zauren da haske ba ya kai wa sosai.